Kotun ɗaukaka ƙara ta ce "ba ni da hurumi": gudun aiki ne ko bin doka?

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu masana shari'a. Kwana uku ke nan ina karanta hukunce-hukuncen kotunan ɗaukaka ƙara na jihar Teksas ta Amurka saboda wani aiki da aka ba mu, kuma akwai abin da ya ɗaure min kai. Fursuna zai zauna ya rubuta doguwar takarda da hannunsa, yana roƙon kotu ta ba da umarnin mandamus ko na habiyas kofus, yana cewa an taka doka wajen ɗaure shi. Sai kotu ta amsa masa da 'yan layuka: ba mu da hurumi, mun kori ƙara. Ba ta ce yana da gaskiya ba, ba ta ce ƙarya yake yi ba. To idan kotun da ke sama da alƙali ba za ta tsawata masa ba, wa zai tsawata? Ni a zatona don irin wannan rana aka tanadi waɗannan umarnai na musamman.

Mai Gardama: Wa alaikumus salam. Ai amsar a fili take, gudun aiki ne aka sa masa rigar doka. Duk alƙalin da ba ya son karanta shafi talatin na rubutun fursuna, kalmar "hurumi" ta ishe shi.

Barista Dattijo: Mai Gardama, ka riƙa bari a gama sallama kafin ka zare takobi. Ɗana, tambayarka ta yi kyau, amma akwai kuskure ɗaya a gindinta. Ka ɗauka duk kotun da ke sama tana da iko kan duk abin da ke ƙasa. Ba haka tsarin yake ba. Kowace kotu a Amurka tana da da'irar da tsarin mulki ko majalisa ta zana mata, kuma umarnin musamman ba ya faɗaɗa wannan da'ira ko da taƙi ɗaya. A cikinta yake aiki.

A Teksas da kake karantawa, abin da ke faruwa ke nan. Jihar tana da kotunan ƙoli biyu, ɗaya ta shari'un farar hula, ɗaya ta laifuka mai alƙalai 9 a birnin Austin. Wanda aka ɗaure kan babban laifi, hukuncinsa ya riga ya tabbata, idan yana son ƙalubalantar ɗaurin da habiyas kofus, sashe na 11.07 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ya ce ya miƙa takardarsa a kotun da ta ɗaure shi, daga nan a tura ta kai tsaye zuwa waccan kotun ƙoli ta laifuka. Kotunan ɗaukaka ƙara na tsakiya ba su cikin wannan layi sam. Haka mandamus ɗinsu, a kan alƙalan da ke yankinsu yake aiki, ko don kare wata shari'a da ke gabansu. Shi ya sa idan fursuna ya roƙe su su tilasta wa magatakardan kotu ko shugaban gidan yari, sai su ce ba mu da hannu a nan. Ƙofa ce ya ƙwanƙwasa wadda ba tasa ba.

Uwar Biyu: Barista, a gafarce ni, ni ba lauya ba ce. Kafin ku yi nisa, mene ne ma mandamus ɗin? Kuna ta jefo kalmomi kamar kowa ya sha karatun.

Barista Dattijo: Kin yi gaskiya Hajiya, laifina ne. Kalmomin Latin ne da Amurka ta gada daga kotunan sarkin Ingila. Mandamus ma'anarsa "mun umarta": babbar kotu ta ce wa ƙarama ko wani jami'i, yi aikin da doka ta wajabta maka. Akwai kishiyarsa, umarnin hani: dakata, wannan ba huruminka ba ne. Habiyas kofus shi ne a kawo wanda ake tsare da shi a gaya wa kotu da wace hujja aka tsare shi. Sai koram nobis, wanda mutum ke komawa kotun da ta same shi da laifi, galibi bayan ya gama zaman kaso, ya ce akwai babban kuskuren da ba a gani ba a lokacin. Ana ce musu na musamman ne domin ba su ne hanyar yau da kullum ba. Hanyar yau da kullum ita ce a gama shari'a, a yanke hukunci, sannan ka ɗaukaka ƙara.

Malamin Tarihi: In ƙara kan abin da Barista ya ce. A matakin tarayya, tushen ikon duka yana cikin jimla ɗaya da ta samo asali daga dokar kafa kotuna ta 1789, wadda yanzu take sashe na 1651 a kundi na 28 na dokokin Amurka. Abin da ta ce a taƙaice: kotunan tarayya za su iya ba da duk umarnin da ya zama dole ko ya dace don taimaka wa huruminsu. Ku lura da kalmar taimakawa. Ba a taimaka wa abin da babu shi. Sai hurumin ya riga ya tabbata daga wata dokar, sannan umarnin ya zo ya dafa masa.

Kuma shari'ar da ta fi kowace suna a tarihin ƙasar, ta Marbury da Madison a 1803, a kan wannan magana take. William Marbury ya je Kotun Ƙoli kai tsaye yana neman mandamus a tilasta wa James Madison, sakataren harkokin waje na lokacin, ya ba shi takardar naɗinsa. Babban Joji John Marshall ya ce kana da haƙƙi, an hana ka abinka, amma tsarin mulki bai ba wannan kotu ikon fara sauraron irin wannan ƙara ba, kuma dokar da ta ce ta ba mu ikon ta saɓa wa tsarin mulki. Marbury bai samu takardarsa ba. To ka ga "kana iya zama mai gaskiya amma ba mu da hurumi" ba sabuwar magana ba ce.

Mai Gardama: Wato tun 1803 suke wannan wasan. Na gode da ka ƙarfafa min hujja, Malam.

Ɗan Aji Uku: To na gane batun Teksas, ƙofa ce aka ɓata. Amma ranka ya daɗe Barista, a kotunan tarayya fa? Kotun ɗaukaka ƙara tana da hurumi kan kotun gunduma da ke ƙarƙashinta, babu tantama. Me ya sa a nan ma da ƙyar suke ba da mandamus a shari'ar laifi?

Barista Dattijo: Yawwa, nan gizo ke saƙa. Dalili na farko shi ne ƙa'idar hukuncin ƙarshe, sashe na 1291. Ba a ɗaukaka ƙara sai an gama, kuma a shari'ar laifi gamawa tana nufin an yanke wa mutum hukuncin da zai yi. Akwai 'yan ƙofofi ƙalilan da Kotun Ƙoli ta bari a buɗe kafin nan: batun beli tun 1951, da'awar cewa ana so a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya tun 1977, sai kuma tilasta wa wanda ake tuhuma shan maganin ƙwaƙwalwa don ya iya fuskantar shari'a, a 2003. Abin da ya haɗa su shi ne in an jira ƙarshe, ihu ne bayan hari. Amma ko da'awar cewa an jinkirta maka shari'a fiye da kima, a 1978 kotun ta ce jira za ka yi sai an gama.

To ka yi tunani. Da a ce duk wanda aka hana ɗaukaka ƙara a tsakiyar shari'a zai iya sauya wa takardarsa suna ya kira ta mandamus, ai ƙa'idar ta zama hoto. Lauyan mai kuɗi zai tsayar da shari'a sau goma kafin shaida na farko ya buɗe baki. Shaidu su mutu, wasu su manta. Shi ya sa aka gindaya sharuɗɗa uku, waɗanda Kotun Ƙoli ta sake jaddadawa a shari'ar Cheney ta 2004: ba ka da wata hanya da za ta wadatar, haƙƙinka a bayyane yake ba gardama, sannan kotun da kanta ta gamsu cewa ya dace. Ko ka cika biyun farko, na ukun yana hannunta.

Dalili na biyu kuwa shi ne wanda Mai Gardama bai hango ba. Wannan ƙunci, a lokuta da yawa gwamnati yake matsewa.

Mai Gardama: Gwamnati? Haba Barista. Gwamnatin da wuƙa da nama ke hannunta?

Barista Dattijo: Ita fa. A 1892 Kotun Ƙoli ta ce gwamnatin tarayya ba ta da ikon ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi sai majalisa ta ba ta a rubuce. Sai 1907 aka fara ba ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka faɗaɗa a 1970. To masu gabatar da ƙara, da suka ga ƙofar gaba a rufe, sai suka riƙa leƙa ta baya, wato mandamus.

Ga misali biyu. A shari'ar Fong Foo ta 1962, ana tuhumar wani kamfani da ma'aikatansa biyu a Masacusets. An yi kwana bakwai ana shari'a, shaidun gwamnati uku sun gama, na huɗu yana kan magana, sai alƙali ya fusata da halayyar mai gabatar da ƙara da kuma rashin ingancin shaidun, ya sa aka wanke waɗanda ake tuhuma nan take. Gwamnati ba ta ko gama kawo hujjojinta ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba da mandamus, ta ce alƙali ya wuce gona da iri, a sake shari'a. Kotun Ƙoli ta rushe wannan umarni. Ta ce ko da wankewar ta ginu kan mummunan kuskure, an wanke an wanke, tsarin mulki ya hana a sake gurfanar da su.

Na biyu, shari'ar Will ta 1967. Alƙali Hubert Will a Shikago ya umarci gwamnati ta bayyana wa wani da ake tuhuma da kauce wa haraji sunayen mutanen da ta ce ya yi wasu maganganu a gabansu. Gwamnati ta ƙi, ta garzaya sama, kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta mandamus ba tare da ko rubuta dalili ba. Kotun Ƙoli ta soke, ta tuna musu cewa mandamus ba madadin ɗaukaka ƙara ba ne, balle a shari'ar laifi inda mutum ke da haƙƙin a yi masa shari'a cikin hanzari. Yanzu ka gaya min, a waɗannan biyun, wa ƙuncin ya kare?

Mai Gardama: Ya kare kamfani mai lauyoyi da wani mai kuɗin da har ya kai a tuhume shi da cin haraji. Ni maganar wanda ke rubutu da fensir a ɗakin kurkuku nake yi.

Uwar Biyu: Nan kam ina bayan Mai Gardama, duk da ba na son bakinsa. Ni a can nake zaune shekaru da dama. Na san wata baiwar Allah da ɗanta ke tsare, ba su da kuɗin lauya bayan ɗaukaka ƙarar farko. Yaron da kansa ya rubuta, ya aika kotun da yake ganin ita ce sama. Watanni suka wuce kafin amsa ta zo cewa ba nan ba ne. Uwar ta kawo min takardar in karanta mata, tana tambayata, to sun ce ba shi da laifi ko yana da shi? Na rasa abin da zan ce mata. Ku masu doka kuna ganin tsari, ita kuwa wata shida ta gani sun tafi a banza.

Barista Dattijo: Hajiya, wannan ba zan musa miki ba, kuma abin ya fi haka ciwo. Haƙƙin a ba mutum lauya kyauta yana tsayawa ne a shari'ar farko da ɗaukaka ƙarar farko. Bayan nan, tsarin mulkin tarayya bai wajabta ba. Ga kuma agogo yana tafiya, domin tun 1996 shekara ɗaya tak fursuna ke da ita ya kai habiyas kofus kotun tarayya, kuma takardar da aka kai inda ba ta dace ba tana iya ƙin tsayar da wannan agogo. Sai dai ni a ganina maganin shi ne a ba su lauya ko a nuna musu ƙofa, ba a ce kowace kotu ta karɓi kowace ƙara ba.

'Yar Laburare: Baba Barista, tunda ka taɓo dokar 1996, bari in saka baki, don ita ce ta fi ba ni tsoro a duk wannan babi. An yi ta ne shekara guda bayan harin bam na birnin Oklahoma da ya kashe mutum 168, Bill Clinton ya sa mata hannu. Fursunan jiha da ya sha kaye a habiyas kofus ba zai iya ɗaukaka ƙara ba sai alƙali ya ba shi takardar izini. In kuma yana so ya shigar da ƙara ta biyu, sai ya fara neman izinin alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara, su kuma doka ta ce su yanke cikin kwana 30. Abin da ya fi ɗaure kai: in sun ce a'a, ba a sake nazari, ba a kai wa Kotun Ƙoli. Majalisa ce da kanta ta yanke wannan igiya.

A shekarar aka ƙalubalanci dokar a shari'ar Felker, Kotun Ƙoli ta ce ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, saboda har yanzu fursuna na iya rubuto mata habiyas kofus kai tsaye. To amma sau nawa wannan taga take buɗewa? A 2009 ta buɗe wa Troy Davis na jihar Jojiya, aka tura wa alƙalin gunduma ya saurari sabbin hujjojinsa, kuma a lokacin an yi kusan shekara 50 ba a ga irin haka ba. Alƙalin ya saurara bai gamsu ba, aka zartar masa da hukuncin kisa a Satumbar 2011.

Malamin Tarihi: Wannan yankan igiya ma yana da kaka. A 1867 sojoji suka kama William McCardle, editan jarida a Misisifi, saboda rubuce-rubucensa na sukar mulkin soja da aka ɗora wa jihohin kudu bayan yaƙin basasa. Ya nemi habiyas kofus, ya sha kaye, ya ɗaukaka zuwa Kotun Ƙoli. Har an gama muhawarar lauyoyi, sai majalisa ta ji tsoron kotun za ta rushe mata duk shirinta na kudu, ta soke sashen dokar da ya ba da damar ɗaukaka ƙarar a Maris 1868, duk da shugaba Andrew Johnson ya ƙi sa hannu. A 1869 kotun ta ce to, an ɗauke mana hurumi, ba abin da ya rage sai mu kori ƙara. Ana cikin wasa aka ɗauke ƙwallo.

Mai Gardama: Kun gani ko? Malam da 'Yar Laburare sun gama min aiki. Hurumi ba daga sama ya faɗo ba, 'yan siyasa ne ke ɗinka shi daidai jikinsu.

Barista Dattijo: A nan ka matso kusa da gaskiya, amma ka lura ka sauya wanda kake zargi. Da farko ka ce alƙalai ne malalata. Yanzu ka ce majalisa. Na biyun ya fi, domin majalisa ana iya kayar da ita a zaɓe, ana iya gyara doka. Alƙalin tarayya kuwa har mutuwa yake kan kujera, sai dai in ya sauka da kansa ko majalisa ta tsige shi. Ka fi son wanda ba ka iya cirewa ya riƙa zana wa kansa iyaka?

Ɗan Aji Uku: To akwai lokacin da mandamus ke cin nasara a shari'ar laifi kuwa? Don yadda kuke bayani kamar bindiga ce da ba harsashi.

Barista Dattijo: Akwai, inda alƙali ya yi abin da ba shi da ikon yi kwata-kwata, ba wai ya yi kuskure cikin abin da yake da iko ba. Wannan bambancin ka riƙe shi da kyau don jarrabawarka. A 1916 wani alƙalin tarayya a Ohayo, John Killits, ya yanke wa wani da ya ci kuɗin banki shekara biyar kamar yadda doka ta tanada, sannan ya dakatar da hukuncin ba iyaka saboda tausayi. Kotun Ƙoli ta ba da mandamus, ta ce ba ka da wannan iko. Abin sha'awa, wannan ne ya tura majalisa ta yi dokar sakin mai laifi bisa sa ido a 1925.

'Yar Laburare: Akwai kuma inda majalisa ta buɗe ƙofar da hannunta. Dokar haƙƙin waɗanda aka zalunta ta 2004 ta ce idan alƙali ya hana wanda aka yi wa laifi haƙƙinsa, misali ya yi magana kafin a yanke hukunci, yana iya neman mandamus, kuma dole kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cikin awa 72. Kotuna suka rabu kan ko za a auna su da waɗancan sharuɗɗa masu tsauri, sai a 2015 majalisa ta ce a'a, a duba ƙararsu kamar ɗaukaka ƙara ta yau da kullum.

Uwar Biyu: Awa 72 ga wani, wata shida ga wani. To.

Ɗan Jarida: Na makara, amma ba wanda ya ambaci Michael Flynn, tsohon mai ba shugaba Trump shawara kan tsaro? Wannan ai a idonmu aka yi. Ya amsa laifin yi wa hukumar FBI ƙarya a Disambar 2017. A Mayun 2020 ma'aikatar shari'a ta ce ta janye tuhuma. Alƙali Emmet Sullivan bai sa hannu nan take ba, ya ce zai saurari muhawara tukuna, tunda ƙa'ida ta ce janyewa sai da izinin kotu. Lauyoyin Flynn suka nemi mandamus. Alƙalai uku suka ba shi da ƙuri'a biyu da ɗaya a watan Yuni, sai cikakkiyar kotun ta zauna ta juya hukuncin a ƙarshen Agusta, takwas da biyu. Hujjarsu mai sauƙi: alƙali bai ma yanke komai ba tukuna, in ya yanke ba daidai ba kana da ɗaukaka ƙara. A Nuwamba Trump ya yi masa afuwa, magana ta mutu.

Mai Gardama: Kuma ku duba, a kwana nawa aka saurari Flynn? Sau biyu kotu ta zauna masa cikin wata uku.

Barista Dattijo: Ta zauna, kuma ta hana shi, duk da gwamnatin da ke kan mulki tana bayansa. Sharaɗin farko da ke kayar da mai fensir shi ya kayar da tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Saurin kam ban musa ba, mai suna ya fi samun kunne.

Ɗan Aji Uku: Malam, a littafinmu na ga an ambaci kotunan soja ma. Su ma haka ne?

Malamin Tarihi: Haka ne, har ma sun fi ƙunci. Shari'ar Goldsmith ta 1999 ita ake kawowa. Manjo ne a rundunar sojan sama, kotun soja ta ɗaure shi shekara shida, daga baya rundunar ta so cire sunansa daga rajistar ma'aikata. Babbar kotun ɗaukaka ƙara ta soja ta hana, ta dogara da sashe na 1651. Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce a'a: huruminku shi ne duba hukuncin kotun soja, cire suna kuwa aikin ɓangaren zartarwa ne, ku bar shi. Koram nobis kuma a kotun da ta yanke hukunci ake nemansa, ba a sama ba. Fred Korematsu, wanda aka samu da laifi a 1942 don ya ƙi bin umarnin kwashe 'yan asalin Japan, Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifin a 1944, amma kotun gunduma ta San Faransisko ce ta goge shi a 1983, bayan an gano gwamnati ta ɓoye hujjoji.

'Yar Laburare: Baba, ina da wadda nake so ka amsa min, don ita ta sa ban gama yarda da kai ba. Ka ce kowace ƙara tana da ƙofarta. To Oklahoma fa a Afrilun 2014? Ita ma kotunan ƙoli biyu gare ta kamar Teksas. Clayton Lockett da wani fursuna suka ƙalubalanci dokar da ta ɓoye inda ake samo magungunan allurar kisa, suka nemi a dakatar da kashe su. Kotun ƙoli ta farar hula ta ce dakatarwa aikin ta laifuka ne. Ta laifuka ta ce ba wata ƙara a gabanmu, ba mu da iko. Aka yi ta mayar da takarda tsakaninsu, ranar kisa na matsowa. Daga ƙarshe ta farar hular ta dakatar da ƙuri'a biyar da huɗu, gwamna Mary Fallin ta ce kotun ta wuce huruminta, wani ɗan majalisa ya fara shirin tsige alƙalan, bayan kwana biyu kotun ta janye. Ranar 29 ga watan aka yi wa Lockett allurar, aikin ya lalace, sai bayan minti 43 ya cika. A nan wace ƙofa ce ya ɓata?

Barista Dattijo: Bai ɓata ko ɗaya ba, 'yata. Duka biyun ya ƙwanƙwasa. Wannan ba zan kare shi ba. Inda aka raba iko gida biyu ba a faɗi wanda zai riƙe abin da ya faɗo tsakani ba, mutum na iya mutuwa a tsakanin. Abin da kawai zan ce, kotun farar hular ta duba ainihin ƙarar tasu kafin ta janye, ta ce dokar ɓoyewar ba ta saɓa wa tsarin mulkin jihar ba. Ko ta yi hakan ne don ta gamsu, ko don wutar da aka hura mata, ni da ke ba mu shiga zukatansu ba.

Mai Gardama: A rubuta ranar yau, Barista ya ce ba zai kare ba.

Uwar Biyu: Ni tambayata ɗaya ta rage, kuma ta aiki ce. In kotu ta san ba ita ce mai hurumi ba, kuma ta san wadda ke da shi, me zai hana ta tura takardar can da kanta maimakon ta mayar wa yaro?

Barista Dattijo: Tsakanin kotunan tarayya akwai wannan, Hajiya. Sashe na 1631 ya ce kotun da ba ta da hurumi ta tura ƙara inda ta dace idan adalci ya buƙaci haka, kuma a lissafa ta daga ranar da aka fara shigar da ita. Amma iyakarsa tarayya zuwa tarayya. Bai ratsa zuwa kotunan jiha ba, kuma kotun tarayya ba ta ba alƙalin jiha mandamus, domin ba a ƙarƙashinta yake ba. Kowace jiha da nata tsarin. Yaron da kika ambata, a kotun jiha aka ɗaure shi ko ta tarayya?

Uwar Biyu: Ta jiha.

Barista Dattijo: To ki ce wa mahaifiyarsa ta nemo ranar da hukuncinsa ya tabbata, da ranar da ya aika waccan takarda, da ranar da aka mayar masa. Ta kai wa ofishin lauyoyin da ke kare marasa galihu na jihar ko sashen taimakon shari'a na wata jami'a, su lissafa mata abin da ya rage a shekara ɗayar nan. Kada ta bari ya sake aika komai ko'ina kafin a yi wannan lissafi.